Shekara shida a kati ɗaya: shagon da ya haɗa min waƙoƙin Jimmie Rodgers a Sakkwato

Masu tura waƙa a memori sun yi yawa a Sakkwato. Daga bakin Babbar Kasuwa har tashar mota, duk inda ka hangi teburi da kwamfuta da lasifika tana amo, za a cika maka waya da abin da ranka ke so, karatu ne, wa'azi ne, waƙar fim ce ko Indiya mai fassara. Sai dai aikin yawancinsu kwasa ne da juyewa. Ka ce Ɗanƙwairo kake so, a buɗe foldar da ke ɗauke da sunansa a zazzage maka, ka je gida ka tarar wasu na Sa'idu Faru ne, wasu kuma an gutsure su a tsakiya. Shagon da zan yi bayani a kai yana layin masu gyaran waya da ke bayan kasuwar, ɗan tsukuku ne, mutum uku ba su zama ciki a sake. Na kai masa aikin da ba a saba kai wa irinsu ba, kuma yadda ya yi shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Waƙoƙin Jimmie Rodgers, tsohon mawaƙin kantiri na Amurka, na nema, dukansu in da hali, a jere bisa shekarar da aka ɗauke su.

Tsararrakina ba baƙin kiɗan kantiri ba ne. Mun tashi da Jim Reeves a rediyo, mun yi samartaka da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton a kaset, kuma ba direban hanyar Gusau da Funtuwa da bai ajiye ɗaya daga cikinsu a aljihun mota ba. Amma Rodgers ba ta kaset na san shi ba. Ni ma'aikacin lafiya ne mai ritaya, kuma mafi yawan aikina a sashen masu tarin fuka na yi shi. Na fara ganin sunansa ne cikin jerin sanannun mutanen da cutar ta kashe, a wata takardar wayar da kai ta ranar tarin fuka ta duniya, 24 ga Maris. Mutum ya ɗauki waƙa fiye da 100 cikin shekara shida, duka da tibi a ƙirjinsa. Wanda ya san abin da cutar nan ke yi wa huhu ba zai karanta haka ya wuce ba. So nake in ji da kunnena.

Da na faɗi sunan, mai shagon, saurayi ne da bai wuce sa'ar ɗana na uku ba, ya ɗago kai ya ce, "Baba, Kenny Rogers kaka nuhi?"

Na ce, "A'a ɗana. Wanga ya rasu shekara biyat kahin a haihi Kenny Rogers."

Ya yi ɗan shiru, ya duba kwamfutarsa, sannan ya ce, "Ban da shi, Baba. In ka yi haƙuri ina biɗo ma, amma ba aikin yau ba ne." Wannan amsar ce ta fara kwantar min da hankali. Bai karɓi ko sisi ba, lambata kawai ya rubuta da sunan mawaƙin da shekarun da na ba shi, 1927 zuwa 1933.

Ranar da ya kira ni, ya ce in taho da abin da zan riƙa sauraro da shi. Na kai masa 'yar rediyona mai cin memori, irin ta China da kowane mai shayi ke ratayawa. Ya juya ta ya ce, "Wagga ba ta bin suna, Baba. Abin da anka hwara zuba ma katin, shi taka hwara yi." Saboda haka bai kwashi waƙoƙin gaba ɗaya ya juye ba. Ya yi folda bakwai, kowace shekara da tata, ya sa lamba gaban kowace waƙa, ya riƙa tura su bi da bi yana jira kowace ta gama. Aikin ya ci lokaci, wasu masu sayen waƙar fim har suka gaji suka wuce shagon gaba. Duk darajar katin nan a wannan jerin take. Ba don shi ba, da tarin tsofaffin waƙoƙi kawai na saya. Da shi kuwa, rayuwar mutum ce kake bi tun daga ranar da ya fara tsayawa gaban makirfo har ranar da ya daina.

An haifi Rodgers ranar 8 ga Satumba, 1897, a yankin Meridiyan ta jihar Misisipi a kudancin Amurka, garin da layukan dogo suka haɗu. Mahaifinsa heluman leburorin gyaran layi ne, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Tun yana yaro ransa ke wurin masu wasa a tanti, har yakan gudu ya bi su, uban ya je ya dawo da shi. Daga baya ya sama masa aikin kai wa leburori ruwan sha, kuma yawancin leburorin baƙar fata ne, a wurinsu ya tsinci salon waƙar da ya rayu da shi. Ya girma ya zama mai birki. Aikin nan a jirgin wancan zamani ba na mai gajeren numfashi ba ne: haɗa taragai da raba su, hawa da sauka, murɗa birkin hannu, cikin hayaƙin kwal, ko ana ruwa ko ana sanyi. A 1924, yana da shekara 27, likita ya tabbatar masa da tarin fuka. Ya ci gaba da laluben aikin reluwe nan da can, amma jiki ya ƙi. Ciwo ne ya tura shi waƙa.

Foldar 1927 gajera ce. Waƙa biyu na farko an ɗauke su ranar 4 ga Agusta a Biristol, garin da iyakar jihohin Tenesi da Bajiniya ta ratsa tsakiyar babban titinsa. Wani wakilin kamfanin faifai na Victor mai suna Ralph Peer ne ya kafa na'urarsa a saman wani bene, ya yi shela cewa duk mai waƙar karkara ya zo a gwada shi. A makon ne kuma ya ɗauki iyalin Carter, su ma mawaƙan kantiri, karo na farko. Rodgers ya zo tare da wasu makaɗa uku da yake yawo da su, suka saɓa kafin ranar ɗauka, su suka yi nasu daban, shi ya shiga shi kaɗai da jitarsa. Aka ba shi dala 100. In ka saurari waƙoƙin biyu ba za ka ce ga wanda zai girgiza Amurka ba. Ɗaya ta soja ce da masoyiyarsa, ɗaya ta rarrashin jariri. Murya siririya, a natse, da ɗan ɗari-ɗari.

Waƙar da ta biyo baya ita ta buɗe masa ƙofa. Da ya ga faifan farko bai yi wani tashe ba, bai zauna jiran kira ba, ya tafi Niyok ya matsa wa Peer sai da ya sake ba shi dama. Ranar 30 ga Nuwamba, a Kamden ta jihar Niyu Jasi, ya ɗauki "Blue Yodel", faifan da ya sayu dubbai ɗaruruwa. A nan ne mai sauraro zai gane abin da suke kira yodel: yana cikin waƙa da muryar ƙirji, sai ya karya ta ya jefa can sama ta sirance, ya dawo da ita ƙasa, ya sake jefawa, duka cikin numfashi ɗaya. Ya yi irin wannan waƙa har 13, yana ba su lamba. Na tsayar da rediyon a nan na mayar baya. Abin nan aikin huhu ne zalla, kuma mai yin sa ya shekara uku da sanin cewa huhunsa na ruɓewa.

Ga wanda bai taɓa jin sa ba, mafi kusa da zan iya kwatanta masa shi ne Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa: mutum ɗaya, abin kiɗa ɗaya, ba 'yan amshi, kuma ba sarki yake wa waƙa ba, talakan da ya sani yake wa. Mutanen Rodgers su ne ɗan birki, da wanda ya maƙale a tarago ba tikiti aka sauke shi a dokar daji, da mai korar alfadarai, da ɗan kurkuku, da wanda ya bar uwa a gida ya daɗe bai koma ba. Ba gwanin jita ba ne na a-zo-a-gani. Yakan ƙara bugu ko ya rage yadda maganar ta buƙata, kiɗan ne ke bin baki. Yana kuma kwaikwayon kukan jirgi da maƙogwaronsa, ka rantse jirgin ne. Mu Sakkwatawa jirgin ƙasa bai taɓa shigowa garinmu ba. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya, a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. A shekarar ce aka ɗauki Rodgers a wani gajeren fim, sanye da kayan ma'aikatan reluwe, yana rera waƙa uku a gaban wani ɗakin cin abinci na tasha. Mai shagon ya samo fim ɗin ya sa min a waya, tunda rediyo ba ta nuna hoto. Ramammen mutum ne mai fara'a, hular aiki a karkace.

Foldojin 1928 zuwa 1930 su ne masu ƙiba, kuma su za su fi yi wa sabon mai sauraro daɗi. Kuɗi sun shigo, kamfani na haɗa shi da makaɗa iri-iri, masu jitar Hawai, masu goge, masu busa. Yayar matarsa, Elsie McWilliams, ta taya shi tsara waƙoƙi kusan 40. Ya gina katafaren gida a Kerbil ta jihar Teksas, garin da masu ciwon ƙirji ke zuwa saboda busasshiyar iskarsa. A Yulin 1930, a Los Anjalis, ya ɗauki ta tara cikin jerin yodel ɗinsa tare da Louis Armstrong, shahararren makaɗin jaz, yana busa ƙaho, matar Armstrong kuma, Lil, tana kaɗa fiyano. Bature ɗan Misisipi da baƙar fata a faifai ɗaya, a zamanin da a jiharsa ba a yarda su ci abinci a wuri ɗaya ba. Ba a rubuta sunan Armstrong a jikin faifan ba, amma wanda ya san busarsa ba zai yi tantama ba.

Gargaɗi ga mai iyali: ba duk waƙoƙin ne na kunnawa a tsakar gida ba. Akwai na caca da giya da bin mata, kuma shahararriyar tasa ta farko ma akwai barazanar harbe mace a cikinta. Turancin kudancin Amurka ne mai wuyar kamawa, amma yaran yanzu kunnensu ya fi namu. Na roƙi mai shagon ya ware min na kewar gida da na jirgi da na rarrashin yara a folda daban, ya yi.

Daga 1931 ne abin da na zo nema ya fara bayyana. A farkon shekarar ya ɗauki "T.B. Blues", inda ya kira cutar da sunanta, ya faɗi yadda take cin jikinsa, ya kuma nuna ya san inda za ta kai shi. Na yi shekaru ina zama da masu wannan ciwo, kuma abu mafi wuya shi ne mutum ya furta sunansa. Ana ce masa sanyi, ana ce masa sammu, ana ce masa tarin sigari. Magidanci zai ɓoye wa matarsa, budurwa za ta roƙe ka kada dangin saurayinta su gan ta a layin karɓar magani. Wannan mutum kuwa ya sa shi a faifai ya sayar wa duniya, a lokacin da jin sunan cutar kamar jin hukuncin kisa ne. A zamaninsa ba magani. Abin da likita ke iya cewa shi ne a kwanta, a ci da kyau, a nemi iska mai tsabta. Maganin farko da ya yi tasiri, sitireftomaisin, sai a 1943 aka gano shi, shekara goma bayan an binne Rodgers.

Kwanciyar kuma ita ce bai samu ba. Tattalin arzikin Amurka ya karye tun ƙarshen 1929, cinikin faifai ya faɗi warwas, shi kuma mutum ne mai sakin hannu, ga kuɗin likita. A 1931 ɗin ma ya bi ɗan wasan barkwanci Will Rogers yawon wasa don tara wa waɗanda fari ya shafa taimako ta hannun Red Cross. Daga baya dole ta sa ya rabu da gidan Kerbil ya koma San Antoniyo. Labarin nan na san shi tun kafin in san Rodgers. Maganin tibi a yau kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha, ƙwaya iri huɗu a wata biyun farko, iri biyu a sauran huɗun. Amma ɗan dako ko mai tura baro da ke hannu baka hannu ƙwarya, da zarar tari ya lafa, zufan dare ya tsaya, sai ka neme shi ka rasa, ya koma kasuwa. In ka same shi ka yi masa faɗa, zai tambaye ka wa zai ciyar da gidansa. Ban taɓa samun gamsasshiyar amsar da zan ba su ba.

Foldar 1933 na saurara ni kaɗai, bayan isha'i. A watan Mayu ya tafi Niyok da ma'aikaciyar jinya tare da shi, don yana son ya bar wa matarsa Carrie da 'yarsu Anita wani abu. Daga 17 zuwa 24 ga watan ya ɗauki waƙa 12. An kawo masa ɗan gado cikin ɗakin ɗauka, in ya gama ɗaya ya kwanta ya tara numfashi kafin ya tashi ya yi ta gaba. A tuna kuma yadda ake ɗauka a lokacin: kai tsaye allura ke zana murya a kan faifan kakin zuma, kowane gefe kamar minti uku, in tari ya kubce maka a tsakiya sai a sake daga farko. Ba yankewa, ba liƙawa. Muryar ba ta mutu ba, wanda bai san labari ba zai iya ji ya wuce. Amma kunnen da ya saba da ɗakin masu tari zai ji inda yake satar numfashi a tsakiyar layin da a 1928 zai ja shi har ƙarshe, zai ji yodel ɗin ya gajarta, zai ji tafiyar waƙar ta yi nauyi. Ta ƙarshe, "Years Ago", shi kaɗai ya yi ta da jitarsa, yadda ya fara a Biristol. Bakin rai bakin fama. Kwana biyu bayan nan, ranar 26 ga Mayu, jini ya ɓalle masa a huhu a ɗakinsa na otal ɗin Taft, ya rasu yana da shekara 35. A jirgin ƙasa aka mayar da gawarsa Meridiyan.

Waɗanda muka taso muna ji duk sun sha daga rijiyarsa ko ta hannun waɗanda suka sha. Dolly Parton ta sake rera waƙarsa ta mai alfadarai a 1970 ta yi tashe da ita. Da aka kafa zauren karrama mawaƙan kantiri a 1961, yana cikin ukun farko, tare da Hank Williams da Fred Rose. Mai shagon ya yi min gyara da wani abu da ni ban nema ba: wata waƙar 'yan matan ƙabilar Kipsigis ta Kenya da Hugh Tracey, mai tattara waƙoƙin Afirka, ya ɗauka a 1950, "Chemirocha", wadda sunan Jimmie Rodgers ne a bakinsu, bayan faifansa ya kai ƙauyukansu ta garmaho. Ya ce ya ci karo da ita yana bincike, ya ga ba za ta yi min yawa ba. Wannan ya nuna min yaron ya karanta abin da yake turawa.

Akwai inda aikin ya gaza, kuma ya kamata a faɗa. Cikin foldar 1930 na tarar da waƙa huɗu da daga jin tsabtar sautinsu ka san ba na zamanin ba ne. Na wani Jimmie Rodgers ne daban, mawaƙin zamani da aka haifa a 1933 ya yi suna a 1957. Suna ne ya zo ɗaya, amma da an saurara kafin a tura da an gane. Na koma, ya cire su ba gardama, ya sake jera katin daga farko don kada tsarin ya ɓaci. Na biyu, waƙoƙin ba su cika ba, na ƙirga kusan 90, ke nan akwai wajen 20 da ba su shigo ba, yawanci na 1932. Ya faɗa min haka da bakinsa kafin in biya, wannan kam na yaba, amma giɓin na nan. Na uku, katin farko da ya sayar min ya fara cin waƙoƙi tun a makon farko, wasu su buɗe wasu su ƙi. Ya canza min wani kyauta, sai dai shawarata ita ce kowa ya sayi katinsa mai kyau a inda ya yarda da shi ya kai masa.

Wurin kansa ba daɗi. Benci ɗaya ne, rufin kwano, zafin Sakkwato kuma ba sai an ba kowa labari ba. Maƙwabcinsa na da lasifikar da ba ta hutawa, don haka ba yadda za ka gwada sautin tsohon faifai a can, sai ka je gida. Ba a rubuta farashi ko'ina ba, ciniki ake yi. Ni na biya N5,000, kati da data da aikin duka, kuma ganin wahalar da ya sha ban ga tsada ba.

Batun sauti, ya tambaye ni ko ina son waɗanda aka wanke ko masu shashshakar allura. Ya kunna min duka biyun a abin kunne. Waɗanda aka wanke da yawa sun rasa ƙarar, amma muryar ta zama fayau, numfashin da nake nema ma ya tafi tare da dattin. Na zaɓi masu shashshaka, kuma ita nake ba kowa shawara. A sani dai sautin ƙasa-ƙasa ne, ba ya jin kansa a cikin Keke ko a bakin titi. Na ɗaki ne, ko na abin kunne.

Yana kuma juya tsohon kaset zuwa memori, yana da dek mai aiki, abin da ya yi wuya yanzu a garin nan. Na ga wani dattijo ya kawo masa kwali guda na Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗan Anace, yaron yana buɗe kowane kaset yana duba zaren kafin ya sa. Nawa na Salihu Jankiɗi suna wurinsa yanzu, tare da odar iyalin Carter, su ma bisa shekara. Mai son zuwa ya je da hantsi kafin rana ta take, ya tafi da rediyon ko wayar da zai riƙa sauraro da ita, ya rubuta cikakken sunan mawaƙi da shekarunsa a takarda. Ranar Juma'a yana rufewa tun kafin azahar, ba ya buɗewa sai bayan la'asar.